Jirgin da Kawu Ya Ƙera

A shekarar da 'yan bindiga suka fara leƙo mu ta ɓangaren Katsina, wani Alhaji ɗan kwangila a Gwarzo ya samo aikin kawo wa wani kwamitin tsaro jirgi marar matuƙi, irin mai hango daji daga sama. A takarda, daga ƙasar waje za a yo odarsa. A zahiri kuwa, shagon kawuna da ke Kabo aka kawo aikin, inda yake gyaran injin ban ruwa.

Ni aka kira in karanta musu littafin haɗawa, tunda ina koyar da Turanci a firamare. Ina buɗewa na ga na injin wanki ne.

Na ce, "Alhaji, wannan ai ba na jirgi ba ne."

Ya ce, "Malam, duk inji ne. Kai dai karanta."

Kawu bai taɓa shiga jirgi ba, amma ban taɓa jin ya ce bai iya abu ba. Ya kwanto injin feshin gona, ya yanko fukafukai daga kwanon rufi, farfela kuma ya ciro ta daga fankar ɗakin matarsa tana gidan suna.

Ranar gwaji, bayan La'asar, Alhaji ya zo cikin babbar riga da mutum biyu daga kwamitin, ya tsaya a gaba yana zuba bayani. Kawu ya ja igiya. Jirgin ya yi ta gurnani yana karkarwa, ko taku ɗaya bai yi ba. Can sai farfelar ta ɓalle ita kaɗai, ta ɗauke hular Alhaji da saman kunnensa, ta tsallake katanga ta dira a kan rumbun maƙwabci.

Ina ɗaure wa Alhaji kunne da hankici, jini na zuba, yana cewa, "Kun dai ga ya tashi. A rubuta."

Suka rubuta kuwa. Ni ma na sa hannu a matsayin shaida, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Da asiri ya tonu, aka kira Kawu Kano ya yi bayani. Ya sa kayan Juma'a ya tafi, ya dawo a fusace don mai binciken ya kira shi mai walda, ba injiniya ba. Alhaji kwana uku ya yi a tsare. Yanzu kwangilar rijiyar burtsatse yake yi, har unguwarmu ya haƙa ɗaya, ba mu dai ga ruwa ba tukuna.