Rabona a Motar Hassan

Shekara goma sha bakwai ke nan a wannan wata da muka kai Hassan makwancinsa a Makarfi, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na ratsa kasuwa sai na tsinkayi wani yana nuna ni yana cewa, "Ga Husainin Hassan mai mota can." Na koyar a firamare har gashina ya yi fari, rabin masu nuna ni ɗin ni na koya musu riƙe alli, amma sunana bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba sai ya jingina da na Hassan. Bari in faɗa tun daga farko, kada mai karatu ya sha wahalar ganowa: ina kishin ɗan'uwana. Na yi kishinsa yana raye, kuma mutuwa ba ta raba ni da wannan kishi ba.

Mu tagwaye ne, kuma wanda ya tashi a ƙasar nan ya san dokar tagwaye: ba a ba ɗaya a hana ɗaya. Innarmu ta riƙe wannan doka kamar farilla. Hula biyu, kwano biyu, ko allura za ta saya mana sai ta sayi biyu. Takan ce ɗan tagwaye in ya yi fushi kunama yake turowa, ita kuwa ba ta shirya kwana tana haska fitila a ƙarƙashin gado ba. A haka muka girma, komai namu iri ɗaya, har zuwa lokacin da mota ta shigo gidanmu.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba mahaifinmu, mai fataucin mazarƙwaila da gyaɗa, ya sayi motar wani Bature mai harkar auduga da zai koma gida. Baƙa ce, mai ƙaton goshi da kujerun fata. Ranar da ta iso Makarfi, har daga Dandamisa mutane suka tako don su gani. Baba ya tara mu ya ce ta mu biyu ce. Sai dai mota sitiyari ɗaya gare ta, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Hassan ya taɓa bin wata babbar mota zuwa Kano ya koyi tuƙi, ni kuwa ina can ina fama da yara da allo. Shi ya riƙe makulli. Shi ke kai amare Ikara, shi ke ɗauko maras lafiya daga Kudan, shi 'yan mata ke leƙe ta saman danga. Ni in an tuna da ni, a ce in zauna a baya in riƙe kaya.

Wata damina, muna dawowa daga Gazara, motar ta soma wata ƙara daga ƙasa, ƙwas, duk lokacin da ya sauya giya. Can sai ta kama karkarwa har haƙoranmu na haɗuwa. Hassan ya tsaya, ya shimfiɗa buhu a kan taɓo, ya shige ƙarƙashinta da sabuwar rigarsa. Daga can ciki ya ce mini kuros ne ya ci. A ranar na san cewa akwai wani dogon bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota da ake kira farfela, shi ke kai juyin inji zuwa ƙafafun baya. A kowane ƙarshensa akwai wani ɗan ƙarfe mai kai huɗu kamar mararrabar hanya, shi ne kuros. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Na gaban ne ya mutu.

Hassan ya shirya zai tafi Sabon Garin Zariya neman sabo. Yana bakin zaure Inna ta leƙo ta ce, "Duk abin da za ka sayo, biyu za ka sayo. Ba na son a fara mini abin da ban saba ba." Baba ya yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa kayan mota ne, ba hular sallah ba. Ta ce ita ba ta san wannan ba.

Ya dawo da biyu kuwa, kowanne a naɗe cikin takarda mai maiƙo. Ina tsaye ya ja layi da alli a jikin farfelar don ta koma yadda ta fito, ya kwance notuna, ya sauke ta. Ya buge tsohon da guduma, ya jera wasu 'yan siraran ƙarafa kamar allurai a cikin kofunan sabon, yana manne su da giris kada ɗaya ya faɗi. Da ya gama, motar ta tashi lafiya lau, sai ya goge hannunsa, ya ɗauki ɗaya ƙunshin ya miƙo mini a gaban jama'a yana dariya.

"Malam Husaini, ga rabonka na mota."

Kowa ya yi dariya, Inna ma ta gamsu an cika doka. Ni ban yi ba. Shi ya tafi da mota, ni an bar ni da guntun ƙarfen da bai cika tafin hannu ba. Na jefa shi a ƙasan akwatina. Duk garin da aka yi mini canjin aiki yana biye da ni, ban taɓa kwance takardarsa ba, ban kuma iya yar da shi ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce, ni shaida ne. Ina ta kishi, Hassan na ta bunƙasa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Makarfi ta yau. Motoci sun yi yawa har yaro ba ya ɗaga kai ya kalle su. Hanyar da muke kwana biyu muna addu'a kafin mu hau ta, yanzu ɗan acaɓa na zuwa ya dawo kafin shayi ya huce. Na san zai yi tsaki in ya ga bakaniken zamani yana tambayar waya abin da ke damun inji. Shi da kunne yake gane ciwon mota, yakan karkata kai kamar mai sauraron gulma. Ko wannan baiwar ma shi kaɗai aka ba, ni ko keke ya yi ƙara ban san daga ina ba.

Motar ta tsaya ne tun da ciwonsa na ƙarshe ya kwantar da shi. Ta zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta. Bana babban ɗansa, Auwalu, ya ce sai ya tashe ta. Ya kira Malam Tanimu, tsohon bakaniken da ya san irin waɗannan motoci. Inji ya amsa, birki ya gyaru, sai aka tarar tsatsa ta cinye kuros ɗin baya. Auwalu ya zaga Zariya, ya shiga kasuwar Fanteka a Kaduna, ya leƙa Kano, ya tura hoto ta waya har Legas. Kowa ya gani sai ya ce rabon da ya ga irinsa tun yana yaro.

Ina jin duk wannan, ga nawa kuros ɗin a ƙasan akwati, na ƙi fito da shi. Wannan ƙarfe shi kaɗai ne abin da ke nawa ni ɗaya a cikin motar nan, kuma shi kaɗai Hassan ya taɓa sa mini a hannu ya ce nawa ne. In na bayar, zai shige ƙarƙashi inda ba mai ganinsa, a ci gaba da cewa motar Hassan. Na bar yaron ya yi ta yawonsa har ya dawo ya zauna a zaurena ya rafka tagumi.

"Baffa, na haƙura. Wani ya ce zai saye ta a yanka a auna a kilo."

A yanka motar Hassan a auna kamar gyaɗa? Kishi daban, wannan daban. Ni kaɗai ke da ikon jin haushin motar nan, ban yarda wani baƙo ya sa mata wuƙa ba. Na tashi na buɗe akwati. Kowa da ranarsa, in ji mai ido ɗaya da ya leƙa buta.

Takardar ta bushe ta yi baƙi, amma da Malam Tanimu ya kwance ta, ƙarfen na sheƙi kamar jiya aka sayo shi. Ya ja layinsa da alli, ya sauke farfela, ya jera allurai da giris, kamar ina kallon hannun Hassan. Na tambaye shi ko na gaban ma sai an sauya. Ya jujjuya shi, ya ce marigayi bai taɓa barinsa da ƙishin giris ba, da sauransa. Sai ya kara sabon kusa da na gaban, ya goge tambarin jikinsu da babban yatsa.

"Malam, waɗannan ai rana ɗaya aka haife su."

Ranar Juma'a Auwalu ya zaunar da ni a gaba, karo na farko a rayuwata, muka zaga gari. Tsofaffi suka miƙe daga kan benci suna cewa motar Hassan ta tashi. Ba wanda ya ambaci Husaini, kuma ban sa rai ba. Abin da ya rage na ɗan'uwana ke nan: suna da ya ƙi mutuwa, da hannun da ya kula da abu har ya yi ƙarko bayansa, da wata tsokana da ya yi mini muna samari wadda ta jira shekara da shekaru ta ceci motarsa.

Ina zaune ina jin farfela na juyawa a ƙarƙashin ƙafafuna, babu ƙara, babu karkarwa. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, sun kama aiki tare kamar ba a taɓa raba su ba. Sai na ji tsohon kishin nan ya taso mini, amma a wannan karon ba na Hassan ba ne. Ƙarfen nake kishi. Nasu rabuwar ta ƙare, tawa kuwa shekara goma sha bakwai ke nan ina jira. Inna ta ce ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya, ga shi an ɗauki Hassan an bar ni.