Wankan jego a Belleville

Ɗiyata ta haihu a Lyon tana shekarar ƙarshe ta karatun digirin dakta a jami'ar da ke unguwar Villeurbanne. Na baro Zinder don in yi mata wankan jego, muka zauna a gidansu na saman bene a Vénissieux, a gefen Lyon. Mijinta a wani sito yake aiki, saboda haka ni da ita da jaririya muke yini.

Bincikenta a kan siminti ne da ake gauraya shi da laka. So take ta ga inda tsaga ke farawa a ciki tun ido bai gan ta ba. Ta ce akwai wani gini zagayayye a bayan Paris, sinkurotoron, mai fitar da haske irin na hoton ƙashi a asibiti, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Layi ake bi wata da watanni. Tun cikinta na ƙarami aka sa mata rana, sai ga ranar ta zo ba mu yi arba'in ba.

"Inna, in ta wuce ni sai baɗi," in ji ta. "Baɗi kuwa wa'adina ya ƙare a labo, ɗakin bincikenmu. Karatun ya tafi ke nan."

Na ce, "A gidanmu mai jego ko zaure ba ta leƙawa."

"To ai nan babu zaure."

Na sunkuyar da kai don kada ta ga dariyata. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma na san wahalar da aka sha kafin a kawo nan. Abin da ya fi damuna nono ne. Hasken da ke ratsa siminti, me zai bar wa jikin mai shayarwa? Ta zaunar da ni ta ce ba mai zama a ɗakin in an saki hasken. Sai an leƙa kowane lungu, an ja ƙofa mai kauri an kulle, sannan su koma wani ɗaki suna kallo ta ordinata, wato kwamfuta.

Na kwana da maganar, da safe na kira ƙanwata da ke zaune a unguwar Belleville cikin Paris, na ce za mu sauka wurinta.

Ta ce, "Yaya, ke da kika tsare ni a ɗaki kamar ɓarauniya lokacin jegona, yau ke ce mai yawo da mai jego a jirgin ƙasa?"

"Ke dai nemo babbar tukunya."

Na gindaya wa ɗiyata sharaɗi: wanka safe da yamma, kunun kanwa a gora, kai a ɗaure, ƙafa cikin safa. Ta amince. Muka shiga jirgi, ni da goyo, ita rungume da ɗan akwatin gutsattsarin siminti, kowanne bai kai ƙwayar wake ba.

Kullum sai na gasa mata jiki kafin ta tatse nono ta fita, abokan aikinta su karɓi aikin in yamma ta yi. Ranar farko ta dawo fuska a ɗaure, wai gutsuren ya motsa, hotunan duk sun ɓaci. Na zuba mata kunu.

Ranar ƙarshe ta shigo bayan la'asar, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Ta karɓi jaririya ta sa a ƙirji, da ɗaya hannun ta buɗe ordinata. Hoto ne toka-toka, da wani siririn layi a tsakiya kamar saiwar gero.

"Ga ta nan, Inna. Daga gefen lakar take tashi."

"Ya isa ki rubuta?"

"Ya isa."

Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Wannan zaren muka dafa wa ruwa duk kwanakin nan?"

Barci ya riga ya ɗauke ɗiyata a zaune. Na zare jaririyar a hankali. Ruwan wanka ya huce a tukunya, ban tashe ta ba.