Shayin da ya raba ni da makullin mota

Shekarun baya, lokacin ina direban motar kasuwa tsakanin Dakoro da Azagor, na faɗo daga saman mota ina ɗaure kaya, kaina ya bugi ƙasa. Na yi kwanaki a asibitin Maradi ban san inda nake ba. Da na dawo gida ina tafiya da ƙafata, ina gane kowa, sai na yanke wa kaina hukunci cewa na warke.

Yayana, wanda muka haɗa motar tare, ya ƙi ba ni makulli. Ranar na zazzaga masa rashin kunya a gaban matarsa, har na ce so yake ya cinye motar shi kaɗai. Cewa kawai ya yi, "Mu koma wurin likita. In ya ce ka hau, ga makulli."

Muka tafi mu uku da matata. Likitan ya tambaye ni ko ina mantuwa, ko ina fara aiki in bar shi a tsakiya, ko fushina ya ƙaru. Duk na ce a'a, har da dariya. Ya yi wa matata tambayoyin nan a wani ɗaki. Da ta fito ba ta iya kallon idona ba.

Sai likitan ya ce mini, "An ce kai gwanin shayi ne. Za ka iya dafa mana?"

Na ce, "Likita, ko barci nike ina dahwa shayi."

Aka kawo buta da gawayi a ƙarƙashin rumfa, ya nemi izinina ya ɗauke ni bidiyo a waya. Na dafa, na tsiyaya, na miƙa. Ya ce yaya na ga aikina. Na ce babu kuskure ko ɗaya.

Ya juyo mini wayar.

Na ga wani mutum mai kamata ya zuba sukari, ya juya yana ba da labarin hanyar Azagor, ya dawo ya sake zubawa, sannan ya ƙara. Buta ta tafasa tana zuba a wuta, shi yana neman kofin da ke hannunsa. Garwashi ya faɗo kan tabarma kusa da gwiwarsa, hayaƙi na tashi, bai gani ba. Ƙafar matata ce ta shigo ta take shi da takalmi.

Likitan ya ce ciwon irin nawa haka yake, yana taɓa tsara aiki, kuma yana taɓa abin da mutum zai gane da shi cewa ya taɓu. Ya ce ba taurin kai ba ne. Ni dai kunya ta hana ni ɗaga kai, don tunanina ya tafi fadarmu, wato majalisar da muke zama shan shayi, inda tun dawowata nake ƙwace buta in ce ni zan dafa.

Na tambayi yayana, "Yaya, haka shayin ga yake kullum?"

Ya ce, "Haka yake."

"Kuma kuna sha?"

"Muna sha. Muna murna kana zamne cikinmu."

A hanyar dawowa na zauna a baya, ina kallon mata da yara da aka cusa cikin mota, irin waɗanda na yi rantsuwa zan ɗauka washegari. Ban sake tambayar makulli ba.

Yau na samu sauƙi sosai. Ina sayar da kayan mota a tasha, kuma na koyi yin abu ɗaya-ɗaya, bakina rufe. Abin da na kasa mantawa shi ne yadda nake da tabbaci ranar, ba ni da ko ɗigon shakka. Shi ya sa har yanzu in na dafa shayi, kofin farko matata nake miƙa wa. In ta ce bai yi ba, ba na gardama, ko da a bakina ya yi daɗi.