Baba Uzoma na Bencin Tashar Jirgi

Da ƙarfe huɗu na yamma, in kotu ta tashi, Baba Uzoma yakan fito daga kwatas ɗin reluwe da laima a hammata, ko da hadari ko babu. Yakan bi gefen dogo a hankali, ya tsaya wajen mai gasa masara su taɓa gardama a kan tsadar taki, shi da bai taɓa noma ko kunya ɗaya ba, sannan ya ƙarasa tsohon bencin da ke ƙarƙashin rumfar tasha. A nan ɗalibansa ke jira: masinjojin kotu, masu buga takardu, duk wanda ya ƙwallafa rai a kan jarrabawar hukumar ma'aikatan shari'a don ya zama akawun kotu. Shekara goma sha shida yana haka, tun da ya ajiye aikin rubuta shiga da fitar jirage.

Abu ɗaya yake koyarwa, lokutan aikatau na Turanci, waɗanda ɗalibai ke kira tensis suna yamutsa fuska. Nan ne ake kayar da mutanenmu. Mutum zai zuba Turanci a kasuwa ba gargada, amma a miƙa masa biro, sai jiya da yau da gobe su cakuɗe masa wuri ɗaya. Baba yakan ce akawun da bai iya rubuta ko an sayar da gona kafin uba ya rasu ko bayan ya rasu ba, zai raba marayu da gadonsu yana ganin aiki ya yi. Shi ya sa ba ya farawa da littafi. Kotu yake tura ka da safe, ka zauna a baya ka saurari shaida, da yamma ka zo ka ba shi labarin da Turanci: me ya fara faruwa, me ake cikin yi, me ya biyo baya. Ka yi tuntuɓe, ya buga laima a ƙasa, ka koma farko.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ba ya yafe kuskure ɗaya a Turanci, Hausarsa ta Kafanchan ce tsantsa, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Iyayensa Ibo ne da aikin jirgi ya kawo daga gabas, shi kuwa a kwatas aka yanke masa cibiya.

Ishmael, tsohon ɗalibinsa wanda yanzu akawu ne a wajajen Zangon Kataf, ya ce da ya faɗi jarrabawar karon farko ya yi zuciya ya koma gonar doya a Kagoma. Ranar nan yana duƙe sai ga Baba ya sauko daga babur, wando duk taɓo. Bai yi masa faɗa ba, kan tudun doya ya zauna ya ce a ba shi labarin noman bara da na bana da na baɗi. Da Litinin Ishmael ya dawo benci.

Amma labarin Ƙauna ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara goma sha ɗaya tana masinja, ta san wurin kowane fayil fiye da masu teburin, kullum kuwa a tsaye take a bakin ƙofa tana kallon kujerar akawu. Sau biyu ta zauna jarrabawar, sau biyu Turanci ya kayar da ita. An gaya mata wannan karon ne na ƙarshe, domin shekarunta sun kusa wuce ƙa'ida.

Saura mako bakwai a yi jarrabawa sai ga Ogechukwu, 'yar Baba, ta iso daga Inugu da mota. Likita ya ce ciwon idon da Baba ke fama da shi ba ya jira, an riga an sa ranar aiki, kuma in ya tafi ya tafi ke nan, 'ya'yansa ba za su sake barinsa shi kaɗai ba. Baba ya ce ya ji, amma sai bayan jarrabawar Ƙauna. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira fasto, duk ba ta canja zane ba. Ƙauna da kanta ta je ta durƙusa.

"Baba, don Allah ka tafi. In na faɗi, Ubangiji ne bai nufa ba."

"Ido nawa ne, ba naka ba," in ji shi. "Kunnena yana aiki. Kai dai ka kawo labarin yau."

Haka suka ƙarasa makonnin nan cikin ruwan Agusta, ita tana karanta abin da ta rubuta da ƙarfi, shi yana gyarawa da ka, domin takarda ta riga ta zame masa hazo. Ranar da ta hau motar Kaduna don zana jarrabawar ya raka ta tasha, washegari shi ma aka tafi da shi Inugu. An ceto idon dama, na hagu ya tafi. Ogechukwu ta ce makonni bakwai ɗin nan ne suka ci shi, shi kuma ya hana a ta da maganar.

Kai ne, Baba, ka san abin da ka saka a sikeli, ka kuma saka shi ido buɗe. Gagara gasa, malamin da bai taɓa zama kujerar kotu ba amma ya zaunar da mutane a kanta. Muna kewarka ƙwarai, ba kuma kunya a faɗin haka.

Bayan wata uku sakamako ya fito, Ƙauna ta ci. Kafin ta kira shi a waya sai da ta shirya jimlarta ta Turanci tsaf, ta maimaita ta a hanya har masu babur na waigenta. Ya ɗauka, ta zuba masa ita ba tuntuɓe. 

"Daidai ne, babu gyara," ya ce. "Yanzu ka sake faɗa mini da Hausa. Wata uku ban ji Hausa ba, Ƙauna. A nan kowa yana ce mini na dawo gida, ni kuwa ban san kowa ba."

Ta sake faɗa masa da Hausa. Daga nan ya shiga tambaya: ko sabuwar citta ta fito kasuwa, wa ya rasu, wa ya haihu, wa aka ba ɗakinsa a kwatas. Sa'a guda suna magana, bai ƙara furta kalmar Turanci ba.

Mun gode, Baba Uzoma. Allah Ya ƙara wa idon da ya rage haske, Ya sa masa albarka. Ku kuma da kuka tashi daga bencin nan kuka hau kujera, akwai masinjoji da yawa har yanzu a bakin ƙofa, kowa ya ja hannun mutum ɗaya. Lambar tsohon tana wajen Ƙauna. Wanda ya samu sarari ya kira shi, ba sai da wani dalili ba, a dai yi masa Hausa.