Ɓerayen da Suka Tare a Motarmu

Tun kafin tafiyar nan hankalina ba a kwance yake ba. Duk ranar da muka shiga motar maigidana, wadda ke shan gas, sai jaririyata ta kama tari. Na yi magana, aka ce sanyi ne.

Ni da maigida mun tashi da asuba daga Kura za mu Bunkure, in kai wa Innata jikarta ta gani. Ikon Allah! Rani tsakiyarsa, amma ruwa na gudu a kwalbatoci, shinkafa kore shar har iya ganin ido, ga kwandunan tumatir jere a bakin hanya, arha kamar kyauta. Sai dai ni hancina na kan wani ƙauri da ke shigowa ta gaba.

Muna dab da gari wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, mota ta daina ja. Har mai amalanke ya kusa wuce mu. Yarinya kuwa sai tari take, na rufe ta da mayafina ina ta salati.

Da kyar muka lallaɓa wurin wani makaniki. Ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, wai motar ce da kanta za ta faɗi ciwonta. Ta kuwa faɗa! Na saki baki. Ya ce akwai abin da ake kira sansa, mai auna ƙarfin hayaƙin da ke bi ta salansa, shi ne yake kuka. Ya buɗe gaban motar, ya zaro wani siririn tiyo duk an gaigaye shi, ya dubi maigidana.

"Alhaji, ashe kana da 'yan haya! Shinkafa shanshera kake ɗauka a motar nan?"

"Kullum. Kusa da rumbu ma take kwana."

"To ɓeraye ne. Sansar lafiyarta lau. Ta nan hayaƙi ke fita yana shigo muku."

Ya sa sabon tiyo, ya goge laifin da na'urar, fitila ta mutu. Muka ƙarasa wurin Inna, ta cika mu da dambu, muka juyo da la'asar, yarinya tana ta barci har gida, ko tari ɗaya.

Na gane hancin uwa ma na'ura ne. Don Allah, in kun ji ƙaurin hayaƙi a mota ga yaro a ciki, ku tsaya a duba. Kada ku ce sanyi ne.