Wutar da Nasiru Ya Bari Tana Ci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shan koko a bakin get ɗin wurin aikinmu aka bugo mini waya daga Toranke: Injiniya Nasiru ya rasu. Wai ɗan zazzaɓi ne.

Nasirun da shekaranjiya yake tsokanata, wai na yi baƙi kamar gindin tukunya.

Ga wanda bai san shi ba, abokina ne tun firamare a Ajingi. Shi ya wuce jami'a, ni na tsaya inda ƙwaƙwalwata ta sauke ni. Yanzu a wani kamfanin shinkafa a nan Gaya ni ke ba boila wuta, wato ƙatuwar tukunyar da ke ba mu tururi. Shi kuwa aikinsa ya gina irin wannan tukunya a cikin kwamfuta, ya zuba mata buntu ko kara, ya kunna, ya ga yadda wutar za ta ci kafin a gwada da ran mutum.

Boko bai sa ya ɗaga mini kai ba ko sau ɗaya. Safar hannun da nake aiki da ita shi ya kawo mini. Da Innata ta kwanta, a motarsa aka kai ta asibiti Kano, kuma shi ya bi layin kati.

Bana buntun shinkafa ya yi wuya, sai Alhaji mai kamfanin ya ce mu koma ɓawon gyaɗa, tunda yana nan jibge a Ajingi. Na ce a bari Nasiru ya duba tukuna. Ya zo, ya auna boilar ciki da waje, ya ɗebi ɓawon ya murza ya sunsuna. Sannan ya jona laftof ɗinsa da sola a ofis, hoton tukunyarmu ya bayyana, wuta na motsi a ciki, shuɗi da rawaya da ja.

Ya ce, "Habu, lissafin nan zai ɗau kwanaki, kada kowa ya rufe ta. Ɓawon gyaɗa ba buntu ba ne, ya fi saurin fushi. Ka ga ƙofar tukunyar nan a hoton? Nan kake tsayawa. In ja ya iso nan, kada ka kunna, ko wa ya ce."

Rabuwarmu ke nan.

Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da ma'aikata cirko-cirko a tagar ofis, ba wanda ya yarda ya shiga. Na leƙa. Laftof ɗin na ta aikinta, fankarta na huci a hankali kamar mai barci. Wutar nan na ci. Mai ita kuwa da hannuna na zuba masa ƙasa.

Wani dattijo cikinmu ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Mutum yau aka binne shi, na'urarsa tana nuna wuta? A kashe ta, a rufa masa asiri."

Ban yarda a kashe ba, don na san abin da ke ciki. Ga Alhaji ya aiko cewa gobe sai an kunna, shinkafar da aka jiƙa za ta lalace.

Ana haka sai ga Malam Sabi'u, yayan marigayin, mai koyarwa a Islamiyya. Ya zo tattara kayan ƙaninsa kamar yadda aka saba, domin daga fitar rai komai ya zama na magada, ba mai ikon taɓawa. Ya ɗora hannu a murfin zai rufe.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi haƙuri. In aka rufe, aikin ya tafi."

Ya ce, "Habu, kayan marayu ne fa."

Na ce na sani, na kwashe komai na gaya masa. Ya daɗe yana kallon wutar. Sai ya janye hannunsa, ya ce, "Alkawari ya ɗauka, kuma ana cika wa mamaci alkawari kafin a raba gado." Ya jawo benci ya zauna, ya ciro carbi.

Muka zauna, mu biyu da na'urar. Jan nan yana rarrafowa kaɗan-kaɗan.

Ana kiran la'asar fankar ta yi tsit. Hoton ya tsaya. Ja ya cika bakin ƙofar, har ya yi harshe ya fito waje.

Malam ya sa yatsa a wurin. "Wa ke tsayawa a nan?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "To, ƙanena ya gama magana." Ya rufe laftof ɗin, ya tafi da ƙafarsa ya sami Alhaji. Gobe ba za a kunna ba.

Ina kewarka, Nasiru, kuma ban samu na gode maka ba.

Ya Allah, bawanka ya tsare ni daga wutar duniya yana cikin kabarinsa. Ka tsare shi daga ta lahira, Ka sanyaya makwancinsa, Ka raya abin da ya bari.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu kafin ya wuce.