Ranar da Sojojina Suka Kama Hajiya Mai Jan Biro

Tarihin ilimi a ƙasar nan ba zai cika ba sai an rubuta abin da ya faru a ajina wata Laraba da hantsi. Ko tarihi ya manta, ni dai ba zan manta ba.

Lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata a Dutse. Sai labari ya bazu cewa za a turo mai duba malamai, kuma duk wadda rahotonta bai yi kyau ba, nesa za a tura ta. Ni kuwa ban daɗe da tarewa a unguwar Yalwawa ba, ga goyo, ga mahaifiyata mai ciwon ƙafa a wurina. Kwana shida na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora miya in manta gishiri, in hau adaidaita a wuce da ni ƙofar makaranta ina kallo.

Darasin makon shi ne garkuwar jiki. Na ce ba allo ba alli, wasa za mu yi. Yawancin ɗaliban suka zama ƙwayoyin jiki. Na bayyana musu cewa ƙwayar da cuta ta shige ta ba ta rufa wa cutar asiri, takan ɗaga ɗan guntunta a waje don a gani. Guntun cutarmu shi ne murfin jan biro. Sannan na zaɓi sojoji, waɗanda littafi ke kira ƙwayoyin T: ɗaya mai ba da umarni, uku masu kisa, monita ce shugabarsu. Na ce kowane soja alama ɗaya tak ya sani, amma in ya gan ta, ba ya tambayar 'yar waye. Akwai kuma T mai tsawatarwa, wadda aikinta ta ce "ya isa". Ita na cire, don minti arba'in ba za su ishe mu ba.

Mai dubawar ta iso, wata dattijuwar Hajiya mai tabarau, ta zauna a bencin baya cikin ɗalibai. Ta ciro biro, ta zare murfinsa, ta riƙe a hannun hagu. Ja ne.

Ina tsaye ina kallon sojojina suna bin layi suna duba hannuwa, har suka tsaya a kanta.

Monita ta rusuna, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, kin kamu."

"Da me, 'yata?"

"Da cuta. Sai dai ki mutu."

Na ce, "Ke! Hajiya ba ta cikin wasan!"

"Malama, ke kika ce ba a tambayar 'yar waye."

Kafin in rufe baki, mai umarni ta daka tsawa, "Ku ƙaru!" Wasu yara shida suka miƙe suka zama ƙarin sojoji, kamar yadda na koya musu, suka kewaye baiwar Allah.

Hajiya ta dube ni ta saman tabarau. "To Malama, a jikin mutum wa ke hana su?"

"Akwai mai tsawatarwa, ranki ya daɗe."

"Tana ina?"

"Na cire ta. Lokaci."

Ta yi salati, ta kifa kai a kan benci, ta mutu mutuwa mai kyau. Aji ya kaure da tafi.

Tun ranar na gane cewa jikin da sojojinsa suka iya kisa amma ba mai ce musu ya isa, kansa zai ci, kuma ban sake cire mai tsawatarwa ba, ko a darasi ko a gidana. Hajiya ta rubuta mini rahoto mai kyau, wanda har yau nake ajiye da shi a ƙasan akwati.

Takardar canjina zuwa can Garki mai nisa kuwa, ashe an sa mata hannu tun kafin a dawo hutu.